Daƙuwa a Ƙasan Bahar Maliya

Ƙanena Harun bai iya zama ba. Ba zama da mutane nake nufi ba, wannan ya iya har ya fi ni. Zama dai na a ɗora jiki a kujera a bar shi a wurin, shi ne Allah bai ba shi ba. In ka miƙa masa shayi, a tsaye zai shanye. In ya shiga mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, ƙafarsa ta dinga rawa ke nan har na kusa da shi ya juyo ya tambaye shi ko fitsari ne ya matse shi. Tun zuwansa Alƙahira yake sauya ɗaki, yau unguwar Arba wa Nus, gobe can wajen Ain Shams, jibi ya dawo, har na daina tambayarsa inda yake kwana. Sai dai in ce, "Kai, yanzu kuma su wa kake damu?"

Ni ce yayarsa, Mardiya. Aure ya kawo ni garin nan, mijina yana karatun da har yau ba a ga ƙarshensa ba, ni kuma ina yi wa mutanenmu masu zuwa neman magani tafinta a asibitocin unguwar Mohandessin. Duk wanda ya san ni ya san bakina ba shi da linzami, kuma hannuna ya fi bakin sauri. Yaro ya yi min rashin kunya, kafin ya rufe baki na watsa masa yatsu biyar, na ce uwaka, an wuce wurin. Na faɗi wannan ne don labarin Harun ba ya faɗuwa sai da daƙuwa a ciki.

Mu 'yan Yauri ne, gidan masunta, ƙofar gidanmu tana kallon kogi. Innarmu Humaira a ruwa ta rasu. Jirgin kasuwa ne ya kife da su, Harun ko yaye ba a gama yi masa ba. Yayanta, Kawu Lawal, shi ya yi ta nutso tun hantsi har rana ta karkata, sai da ya fito da ita da hannunsa. Babanmu dama ya riga ta, don haka muka koma hannun Kaka, wato mahaifiyarsu, Kawu kuma ya ɗauki nauyinmu. Daga ranar nan bai sake saka ƙafa a kogi ba. Ya sayar da jirginsa da komarsa, ya koma safarar busasshen kifi zuwa kudu, Allah kuwa ya buɗa masa. Sannan ya kafa doka guda, ɗan Humaira ba zai taɓa ruwa ba sai na wanka da na alwala.

To ka ji fa. Yaro a Yauri, a ce kar ya shiga kogi! Sa'o'insa na tsalle daga kan jirage suna faɗawa tsundum, shi yana can nesa a tsaye, ya ɗaga wannan ƙafa ya sauke, ya ɗaga waccan. Ni dai a ganina daga nan ƙafar ta samo rawarta. Abu na biyu da ya taso da shi, ba ya ƙaunar daƙuwa ko kaɗan. Mu da muka saba, wasa ce a wurinmu. Shi kuwa in wani yaro ya buɗe masa yatsu ya ce uwaka, ba ya ramawa, sai ya zagaya bayan rumbu ya yi kukansa, ya share ido ya fito. Har ya girma ban taɓa ganin ya yi wa ɗan Adam ba, ni ma duk sakin hannuna ban taɓa yi masa ba.

Da ya gama sakandare Kawu ya ce Masar za a kai shi ya yi karatun addini. Dalilinsa na fili, a samu malami a gida. Na ɓoye kuwa, an ce masa ƙasar duk rairayi ce. Allah sarki Kawu, babu wanda ya tuna masa kogin Nilu ya ratsa tsakiyar garin.

Harun ya yi ƙoƙari, wallahi ya yi. Amma karatu zama yake so, shi kuma ka ji halinsa. Malami na ta bayanin nahawu, shi idonsa na taga. Ya faɗi jarrabawa, ya maimaita, ya sake faɗi, rannan kawai ya daina zuwa. Ya sayar da turare a bakin masallaci, ya gaji. Ya yi wanke-wanke a gidan abincin wata 'yar Sudan, ya gaji. Ya yi gadi a Ma'adi, wannan karon mai gidan ne ya gaji, wai bai taɓa ganin mai gadin da ba a samunsa a ƙofa ba. In Kawu ya kira ya ce, "Yaya karatu?" sai ya ce, "Ana fama, Kawu." Ni kuma in ya tambaye ni, in ce layin ba kyau.

Aikin da ya riƙe shi, a wani ofishin 'yan yawon buɗe ido ya same shi, a Mohandessin, bene ɗaya da wani likitan ƙashi da nake kai wa marasa lafiya. Abin da suke sayarwa shi ne hutu a wani tsibiri cikin Bahar Maliya, otal na masu hannu da shuni, ɗakunansa a kan ruwa, kuma babban abin da ake zuwa yi shi ne nutso. A goya maka tukunyar iska, a sa maka gilashi a fuska da takalmi irin ƙafar agwagwa, ka sauka ƙasan teku ka yi kallon kifi. Da Harun ya fara ba ni labari na ce, "Kifin nan dai da muke ci? Mutum ya hau jirgi daga uwa duniya ya zo ya kalli kifi, ya koma bai ci ba?" Shi Harun aike aka ɗauke shi, ya kai wannan, ya kawo shayi, ya loda tukwanen iska a mota.

Rannan na fito daga wurin likita na leƙa ofishin in karɓi makullin gidana da ya tafi da shi. Akwai wani ƙaton talabijin a bangonsu, ba ya nuna komai sai ƙasan teku. Na hango Harun a gabansa da faranti a hannu, shayin ya huce, ƙafafunsa biyu a ƙasa, ko motsi. Na kira shi bai ji ba. Gabana ya faɗi, don tun da aka haife shi ban taɓa ganinsa haka ba, kuma ga abin da yake kallo.

Na ce, "Harun, ka rufa min asiri."

Ya nuna wasu abubuwa masu rassa kamar busasshen reshe, wasu ja, wasu ruwan ɗorawa, ya ce, "Yaya, kin san mene ne wancan? Murjani ne fa. Ashe a ruwa yake tsirowa, kuma yana da rai."

Ni murjani a wuyan mata na san shi. Innarmu tana da jan nan, ba ta cire shi ko kwanciya za ta yi.

Ba ni kaɗai na lura da tsayuwar nan ba. Kaftin Amjad, Bamisiren da ke koyar da nutso a kamfanin, wani dattijo mai furfura da rana ta gasa shi har ya kusa kama mu a baƙi, shi ma ya gani. Ya ce wa Harun in yana so ya biyo shi inda yake koyarwa, tafkin ninƙaya na wani kulob a Ma'adi. Harun bai shawarce ni ba, don ya san amsar. Sai kawai na gan shi da yamma ya faɗo min gida kamar an koro shi, kai a jiƙe, ido jajir.

"Yaya, na bar aikin."

"Madalla, an saba. Yau kuma me aka yi?"

"Mutumin nan ya zagi Inna. Muna cikin ruwa, ina ƙoƙarin tasowa, ya buɗe min hannu a fuska."

Na manta da faɗan shiga ruwan da ya kamata in yi masa. Jinina ya hau, na zari mayafi na ce yalla, mu je in ga uban da ya tsaya masa. Har Ma'adi ina ta shirya zagi da Larabci. Da na zayyana wa Kaftin Amjad laifinsa, sai ya saki baki yana kallona. Sannan ya ɗaga tafin hannunsa, yatsu a haɗe, ya ce a ƙarƙashin ruwa babu magana, da hannu ake faɗin komai, kuma wannan ma'anarsa tsaya, kar ka motsa. Ya ce wanda ya taso da gudu yana riƙe da numfashi, huhunsa na iya fashewa, shi ya sa ya tsayar da shi. Na ce to me ya sa ka ware yatsun? Ya ce bai ma san ya ware ba, in kuma ya ware fa, sai me? Na bayyana masa abin da take nufi a wurinmu. Bawan Allah ya dafa kai ya dinga ma'alish, ma'alish, yana ba da haƙuri, har ya rungume Harun. Ni kuwa dariya ta kama ni a jirgin ƙasa na metro har muka wuce tashar da za mu sauka. Daga ranar, in Harun zai ce tsaya, sai ya manne yatsunsa kamar an ɗaure su da zare.

Yaron da ya kasa zaman darasi, sai ga shi yana cin jarrabawar nutso bi da bi. Ya zama mai raka baƙi ƙasan ruwa, aka mayar da shi tsibirin, kamfanin ya gyara masa iƙama, takardar zama a ƙasar. Yakan yi makonni a can, ya zo hutu ya cika min gida da kai-kawo, ƙafar tana rawarta kamar da. Amma in ya fara labarin ƙasan teku, sai muryarsa ta sauka.

"Yaya, can babu hayaniya, numfashinki kawai kike ji. In kin yi gaggawa iskarki ta ƙare da wuri. Dole ki natsu. Ni a duk duniya can kaɗai nake jin babu inda nake son zuwa."

Ina jin daɗi, ba zan ɓoye ba, amma tsoro ya fi yawa. Duk sanda waya ta yi ƙara da lambar da ban sani ba sai in ɗauka da addu'a a baki. Kuma na san ranar da Kawu zai ji tana nan tafe.

Ta zo kuwa. Kawu ya kawo matarsa Hajiya Khairat a yi mata aikin gwiwa, ni ce tafinta. Tun a filin jirgi na ga fuskar ba ta yi min ba, amma bai ce komai ba sai da aka yi aiki lafiya, aka sallame ta zuwa shaƙƙa, wato gidan hayar da na kama musu. Sannan ya ce in kira masa Harun. Da ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, Kawu bai amsa ba, ya miƙa masa waya. Tallan otal ɗin ne, wani ɗan Yauri ya gani ya tura gida, garin duk ya kalla. Ga Harun a baƙar rigar roba yana dariya a kan jirgin ruwa, ga shi ya faɗa teku ta baya.

"Wane ne wannan?"

"Ni ne, Kawu."

"Karatun ke nan da ake fama?"

Harun ya sunkuyar da kai.

"Na ɗauke ka daga bakin kogi na kai ka inda babu ruwa, ka bi ka nemo wanda ya fi namu girma. Ke kuma," ya juyo kaina, "layinki ya gyaru yanzu?" Ya koma kan Harun. "Na riga na yanka maka tikiti, jirgi ɗaya za mu hau. In ka ga dama ka zauna. Amma in ka zauna, ba ka da kawu, ko gawata kar ka zo."

Harun ba shi da uwa, ba shi da uba, Kaka ta rasu. Kawun nan shi ne gidan gaba ɗaya. Ga kuma wuri ɗaya tak da ƙafarsa ta yarda ta tsaya. Na ga gwiwar yaron na bugun tabarma.

Ya ce, "Kawu, ban taɓa roƙonka komai ba. Ka zo ka gani da idonka, ka shiga sau ɗaya. In ka fito ka ce in bari, wallahi na bari, ba zan sake ko kallon teku ba."

Kawu ya yi tsaki. Ni kuma bakin nan nawa ya ce, "Haba Harun, ka ƙyale Kawu mana. Mutum ya manyanta, iyon ma ai ya manta."

Kai! Kamar na zuba masa barkono. "Ni? Ni Lawal zan manta iyo? Kafin a haife ki nake ratsa kogi da igiyar jirgi a baki." Ya nuna Harun da yatsa. "Zan shiga. In fito, in ce ka bari, ka kuma bari."

Muka bar Hajiya a hannun maƙwabciyata Fatna, muka hau bas zuwa Gardaƙa, garin da ke bakin tekun, daga can jirgin otal ya kwashe mu. Wurin yana da kyau, ba zan yi wa Allah butulci ba. Rairayi fari fat, ruwa garau har kana ganin inuwar jirgi a ƙasa, ɗakuna a kan turaku, ma'aikata na bin ka da ruwan lemo da tawul mai sanyi. Kawu dai yana tafe cikin babbar riga, idonsa a ƙasa yana istigfari, don Turawa ne kwance ko'ina a rana. Sau ɗaya ya ɗaga kai ya ce an shanya su kamar kifi a kan waya. Abin da ya ƙi kallo sam shi ne tekun. Ma'aikata kuwa sai gaishe da Harun suke yi, Kaftin Harun, Kaftin Harun, Kawu ya yi kamar bai ji ba.

Likitan otal ya duba shi ya ce ƙirjinsa ya fi na saurayi. Aka gwada masa kayan a ruwa mara zurfi, Harun ya koya masa alamomin hannu, ya nanata masa abu ɗaya, kar ya riƙe numfashi, kar ya taso da gudu. Kawu ya ce, "Kai za ka koya min ruwa?" Da na gan shi cikin baƙar rigar roba, tumbi a gaba, takalmin agwagwa a ƙafa, sai da na cusa mayafi a baki. Amma da jirgi ya kai mu inda za a sauka, na ga leɓensa na motsi da addu'a, dariyar ta ɗauke. Na so in ce a fasa. Kafin in buɗe baki sun sauka, shi da Harun da Kaftin Amjad da mai ɗaukar hoton otal.

Ni a jirgi na zauna. Ko ba zama ba, don ranar ni ce Harun, na je wannan gefe na leƙa, na dawo wancan, babu abin gani sai kumfa na tasowa. Abin da ya faru a ƙasa daga baya na gan shi a hoton bidiyon da aka ɗauka, na kuma kalla ban san iyaka ba.

Da farko lafiya lau. Harun na riƙe da ɗamarar Kawu, suna sauka a hankali, zurfin bai fi tsayin gida mai bene ba. Ga kifaye kala-kala, wasu kamar an yi musu zane da lalle, Kawu har ya miƙa hannu zai kama ɗaya, ɗan masunta dai. Jikinsa ya tuna ruwa, ƙafarsa na kaɗawa daidai. Sai suka zagaya wani dutse, ga murjani ja jawur ya bazu a gabansu. Kawu ya sandare. Kumfar da ke fita daga bakinsa ta tsaya cak, wato ya riƙe numfashi. Sannan ya buga ƙafa ya nufi sama da ƙarfin tsiya.

Harun ya riƙe ɗamarar, amma Kawu ƙato ne, jan sa yake yi suna tafiya tare. Kaftin Amjad yana ɗan nesa, kafin ya iso an makara. Harun ya ɗaga hannu, yatsu a manne kamar kullum, tsaya. Kawu ko gani bai yi ba. Ya sake, a banza. A hoton kana ganin sanda yaron ya kalli hannun nasa. Sai ya ware yatsu biyar ɗin nan, ya danna su a kan gilashin fuskar Kawu.

Wallahi kamar an taka birki. Kawu ya tsaya, ido ya firfito, ya kalli hannun, ya kalli mai hannun. Sai kumfa ta ɓarke daga bakinsa kamar tukunya ta tafasa, don zagi yake yi ta cikin abin shaƙar iskar. Ya caƙumi Harun da hannu biyu yana girgiza shi, Harun kuwa ya bar shi ya yi ta yi, yana tasowa da shi kaɗan-kaɗan. Kaftin Amjad ya ce min daga baya zagin nan ne ya cece shi, don mai zagi ba ya riƙe numfashi.

Ni dai abin da na gani daga jirgi, kawunansu sun ɓullo, Kawu ya tofar da abin bakinsa, teku gaba ɗaya ta ji muryarsa.

"Ni? Ni za ka yi wa daƙuwa? Uwar tawa da ta goya ka, ta tauna ta ba ka?"

Na ce inna lillahi. Harun? Daƙuwa? Kaftin Amjad ya hau jirgi ya dube ni, ya ware yatsunsa a ɓoye ya gyaɗa kai. Harun ya durƙusa a gaban Kawu da takalmin agwagwarsa, yana kuka kamar ranar bayan rumbu.

"Kawu ka yafe ni. Na ce ka tsaya, ba ka gani ba. Ban san me zan yi ba."

Kawu ya ɗaga hannu kamar zai mare shi, hannun ya sauka da kansa. Ya zauna a kan benci, ruwa na ɗiga daga gemunsa, aka tayar da inji. Can ya yi magana, ba mu yake kallo ba.

"Ranar nan ruwan ya yi laka, ba a ganin komai. Da hannu nake lalube. Abin da na fara kamawa murjanin wuyanta ne."

Tun muna yara ba mu taɓa jin ya faɗi yadda ya same ta ba. Ya share fuska da tafin hannu ya ce, "Yau na zagaya dutse na gan shi ja a gabana." Na ja mayafi na rufe fuska, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kawo ta, don lokacin ban gama sanin me ake ciki ba.

To amma hukuncin fa? Shiru. A bas ɗin dawowa bai tayar da zancen ba. A Alƙahira ya koma jinyar Hajiya, in Harun ya gaishe shi ya amsa a taƙaice ya kau da kai. Harun ya ce min, "Yaya, khalas, magana ta ƙare. Na yi alkawari, ga shi kuma na zagi Kaka. Me ya rage?" Ya je ofis ya yi sallama, Kaftin Amjad ya ce ba zai karɓi sallamar ba sai ya ji jirgi ya tashi. Sauran kwanakin a gidana ya yi su, daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga, har mijina ya kwashi littattafansa ya koma masallaci. Na yi masa tsawa ya zauna, ya zauna, ƙafar ta dinga buga tebur har shayi na zuba. Na je na sami Kawu in yi magana, ya ce, "Ke, bakinki bai yi ɓarna ya isa ba?" Na dawo da haushi na sauke a kan mai sayar da tumatir.

Ranar tafiya muka je filin jirgi, Harun na tura keken Hajiya, jakarsa a baya, duk abin da ya mallaka a cikinta. Ya rame, idonsa ya faɗa. Muka kai ƙofar da 'yan rakiya ke tsayawa, na rungume Hajiya, na durƙusa wa Kawu. Harun ya ce, "Yaya, sai Allah ya sake haɗa mu," ya tura keken zai wuce.

Kawu ya sha gabansa. A gaban 'yan sanda da jama'a ya ɗaga hannu, ya ware yatsu biyar a fuskar yaron.

"Uwaka."

Harun ya runtse ido. Hajiya ta ce, "Haba Alhaji!" Ni kuwa na riga na buɗe baki, ko Kawu ne yau sai ya ji ni. Amma hannun bai sauka ba. Sai na ga yana haɗa yatsun, a hankali, da ƙyar, irin na tsohon da bai saba ba, har suka manne da juna.

"Buɗe idonka. Haka ne ko? Haka ka koya min?"

Harun ya buɗe ido, ya kalli hannun. "Haka ne, Kawu."

"To tsaya."

Ya cire hannun Harun daga kan keken, ya riƙe da kansa. Ya ce, "Duk ɗan mutanen da aka ba ka, ka riƙe shi yadda ka riƙe ni. Ko uwar wa za ka zaga, ka fito da shi da rai." Ya tura Hajiya suka shige, bai waiwayo ba.

Na juya in ce wa Harun yalla mu tafi kafin motoci su cika. Yana nan inda aka bar shi, jaka a baya, hawaye na bin fuska, ƙafafunsa biyu a ƙasa, ko motsi. Na ƙyale shi. Muna nan a tsaye har wani ɗan sanda ya zo ya ce mu matsa, mun tare wa mutane hanya.